Lucille Ball: Mai barkwancin da ta zama shugabar kamfani a Hollywood

A daren Litinin 19 ga Janairun 1953, mutum miliyan 44 ne suka zauna gaban akwatunan talabijin a Amurka domin ganin wata mata mai suna Lucy Ricardo ta tafi asibiti haihuwa. Washegari aka rantsar da Dwight Eisenhower a matsayin shugaban ƙasa, amma waɗanda suka kalli bikin rantsuwar ba su wuce miliyan 29 ba. Lucy Ricardo ba ta taɓa rayuwa a zahiri ba, suna ne a cikin wasan kwaikwayo. Sai dai matar da take fitowa da wannan suna, Lucille Ball, ta haihu da gaske a safiyar wannan rana a birnin Los Angeles, kuma namiji ta haifa, kamar yadda marubutan shirin suka riga suka tsara. A lokacin tana da shekara 41, ta kuma shafe kusan shekara ashirin tana fafutukar neman suna a Hollywood ba tare da ta kai inda take so ba.

An haifi Lucille Désirée Ball ranar 6 ga Agustan 1911 a garin Jamestown da ke Jihar New York. Mahaifinta, Henry Ball, ma'aikacin kamfanin tarho ne mai ja da gyaran wayoyi, aikin da ya riƙa yawo da iyalinsa daga wannan jiha zuwa waccan. Zazzaɓin taifot ya kashe shi a watan Fabrairun 1915, Lucille ba ta cika shekara huɗu ba, mahaifiyarta kuma tana ɗauke da cikin ƙaninta Fred. Uwar ta koma gidan iyayenta, daga baya ta sake aure, aka kai yarinyar riƙo na wani lokaci wurin iyayen sabon mijin, mutane masu tsauri da ba sa son wasa. Wanda ya fi tasiri a kanta shi ne kakanta na wajen uwa, Fred Hunt, mai ra'ayin kare haƙƙin leburori, wanda yakan kai jikokinsa kallon wasannin dandali. Shi ma ƙaddara ta faɗa masa a 1927, sa'ad da yara suke koyon harbi a bayan gida a ƙarƙashin kulawarsa, harsashi ya sami ɗan maƙwabta ya shanye masa jiki. Shari'ar da ta biyo baya ta cinye gidan da ɗan abin da iyalin suka mallaka.

Tana da shekara goma sha biyar aka sa ta a makarantar koyon wasan kwaikwayo ta John Murray Anderson a birnin New York. Tauraruwar ɗaliban makarantar a lokacin ita ce Bette Davis. Lucille kuwa kunya ta hana ta sakewa, har malamanta suka yanke hukuncin cewa ba ta da makoma a wannan sana'a. Ta koma tallan tufafi a shagon Hattie Carnegie, ciwon gaɓoɓi ya kwantar da ita na tsawon lokaci, ta warke ta dawo, hotonta ya fito a allunan tallan sigarin Chesterfield. Wannan hoto ne ya buɗe mata ƙofar Hollywood a 1933, inda ta shiga sahun 'yan matan rawa a fim ɗin Roman Scandals.

Shekarun da suka biyo baya na aiki ne tuƙuru da suna kaɗan. A kamfanin RKO ta fito a fina-finai masu yawa, mafi yawansu na ƙaramin kasafi, har aka yi mata laƙabi da sarauniyar fina-finan aji na biyu. Ta taka rawa tare da Katharine Hepburn da Ginger Rogers a Stage Door a 1937, ta yi aiki da 'yan uwan Marx a shekarar da ta biyo baya. Da ta koma kamfanin MGM aka rina mata gashi ja domin fim mai launi na Du Barry Was a Lady a 1943, jan gashin da ya zama alamarta har ƙarshen rayuwa. Shugabannin kamfanonin sun rasa inda za su ajiye ta: kyakkyawa ce, amma ba ta ƙin a watsa mata ruwa ko a shafa mata laka a fuska, abin da sauran kyawawan 'yan wasa suke gudu. A MGM ɗin ne ta samu kusanci da Buster Keaton, gwanin barkwanci na zamanin fina-finai marasa magana, wanda ya koya mata yadda ake sarrafa kayan wasa a gaban kyamara da yadda ake auna lokacin kowane motsi.

A 1940, wajen ɗaukar fim ɗin Too Many Girls, ta haɗu da Desi Arnaz, mawaƙi kuma makaɗi ɗan ƙasar Kuba wanda ta girme shi da kusan shekara shida. Mahaifinsa ya taɓa zama magajin garin Santiago, amma juyin juya halin 1933 ya raba su da dukiyarsu, suka tsere zuwa Miami. An ɗaura musu aure ranar 30 ga Nuwamban 1940. Zaman bai yi daɗi ba tun farko. Shi kullum yana kan hanya da ƙungiyar kiɗansa, ita tana wurin ɗaukar fim, ga labaran mata da na shaye-shaye suna iso mata. Ta kai ƙarar neman saki a 1944, suka shirya kafin hukuncin ya tabbata.

Abin da ya sauya rayuwarta daga rediyo ya fito. A 1948 gidan CBS ya ba ta jagorancin shirin My Favorite Husband, inda take fitowa a matsayin matar wani ma'aikacin banki, mai yawan jefa kanta cikin rigima. A gaban 'yan kallo ake naɗar shirin, a nan kuma aka gano cewa dariyar jama'a tana fito da wata baiwa a jikinta wadda kyamarar fim ba ta taɓa fitarwa ba. Da CBS ya so mayar da shirin talabijin, sai ta kafa sharaɗi guda: mijinta na gaske ne zai fito a matsayin mijinta. Shugabannin gidan suka ƙi, a ganinsu Amurkawa ba za su yarda cewa Ba'amurkiya ta auri ɗan Kuba mai karyayyen Turanci ba, alhali kuwa a lokacin auren nasu ya kai shekara goma. Dalilinta na dagewa ba na fasaha ba ne kawai, so take ta ga mijin nata ya zauna a gida. Ma'auratan suka shirya wasan dandali, suka zagaya da shi garuruwa a 1950, jama'a suka cika ɗakunan kallo, CBS ya sauko.

Sai wata matsalar ta taso. A wancan zamani daga New York ake watsa shirye-shirye kai tsaye, jihohin yamma kuma su kalli kwafi mai dishi-dishi da aka ɗauka daga fuskar akwatin talabijin. Lucille da Desi sun ƙi barin Kalifoniya, kamfanin sigari na Philip Morris da ya ɗauki nauyin shirin kuma ya ƙi yarda a nuna wa mutanen gabas, inda mafi yawan masu kallo suke, hoto mara kyau. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki shirin a kan fim irin na silima, da kyamara uku a lokaci guda, a gaban 'yan kallo kimanin ɗari uku. Aka ɗauko Karl Freund, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a fim ɗin Metropolis na Jamus, ya tsara hasken da zai dace da kyamarorin uku ba tare da an tsaya ana gyara fitilu ba. Tun da wannan hanya ta fi tsada, ma'auratan suka amince a rage dala dubu ɗaya daga albashinsu na mako, bisa sharaɗin cewa fina-finan za su zama mallakar kamfaninsu, Desilu. CBS ya amince cikin sauƙi, domin babu wanda ya yi zaton akwai mai son kallon shiri ɗaya sau biyu. Bayan 'yan shekaru gidan ya biya fiye da dala miliyan huɗu kafin ya karɓo abin da ya bayar kusan kyauta. Daga nan al'adar maimaita tsofaffin shirye-shirye ta samu gindin zama, tsarin kyamara uku kuma ya zama hanyar da ake bi wajen shirya wasannin barkwanci har yau.

An fara nuna I Love Lucy ranar 15 ga Oktoban 1951, wata uku bayan haihuwar 'yarsu ta fari, Lucie. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Lucy matar gida ce da take mafarkin zama tauraruwa, mijinta Ricky shugaban makaɗa ne a wani gidan rawa kuma ba ya son ta shiga harkar, sai masu gidan da suke haya, Fred da Ethel Mertz, waɗanda William Frawley da Vivian Vance suke fitowa a matsayinsu. Kowane mako Lucy za ta ƙulla wata dabara, dabarar ta kwaɓe. Masu kallo ba su manta ranar da ita da Ethel suka kama aiki a masana'antar cakulan ba, injin ya riƙa turo alewa da saurin da ya fi ƙarfin hannunsu, suka koma cusawa a baki da hula da cikin riga. Haka ma ranar da take tallan wani maganin ƙarin kuzari mai yawan barasa, ta yi ta ɗanɗanawa a wajen gwaji har harshenta ya karye.

Mai kallo zai ɗauka duk wannan yana zuwa mata ne a take. Ba haka ba ne. Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll ne suke rubuta komai, har da yadda za ta juya ido, ita kuma ta yi ta maimaita motsi ɗaya har sai ya zauna daram. Waɗanda suka yi aiki da ita sun san ta da tsanani da rashin haƙuri da sakaci, kuma ita kanta ba ta ɗauki kanta mai ban dariya a hira ta yau da kullum ba. Ƙarfinta yana ga jarumtar yin abin da zai sa ta zama abin dariya, da kuma horon da ya sa wautar ta zama kamar gaskiya.

Cikin da ta samu a 1952 ya tayar da hankalin CBS da masu ɗaukar nauyi, domin ba a saba nuna mace mai juna biyu a talabijin ba. An dai amince a saka cikin a labarin, amma aka hana furta kalmar Turanci ta kai tsaye mai nufin ciki, aka kuma gayyato malaman addini uku, na Katolika da na Furotesta da na Yahudawa, su riƙa duba rubutun kafin a ɗauka. Sakamakon shi ne wancan dare na Janairun 1953, lokacin da fiye da kashi 70 cikin ɗari na gidajen da suke da talabijin suka kamo tasha ɗaya.

Wata takwas bayan haka, komai ya kusa rushewa. Zamanin farautar 'yan kwaminisanci ne a Amurka, kuma zargi kaɗai ya isa ya raba ɗan wasa da sana'arsa har abada. Aka tono cewa a 1936 Lucille ta yi rajistar zaɓe a ƙarƙashin jam'iyyar kwaminis. Ranar 4 ga Satumban 1953 ta ba da bahasi a asirce ga mai binciken kwamitin Majalisar Wakilai, inda ta bayyana cewa ta yi hakan ne domin faranta ran kakanta Fred Hunt, kuma ba ta taɓa shiga harkokin jam'iyyar ba. Bayan kwana biyu ɗan jarida Walter Winchell ya fasa ƙwan a rediyo, jaridu suka ɗauka da manyan haruffa. A makon ne za a ɗauki shirin farko na sabon zango, ba wanda ya san ko 'yan kallo za su yi mata ihu. Desi ya fito gabansu ya kare matarsa, suka karɓe ta da tafi, kwamitin ya sanar cewa ba shi da wata hujja a kanta, Philip Morris ma bai janye ba. Akwai 'yan wasa da marubuta da dama da aka lalata wa rayuwa a kan abin da bai kai nata ba. Abin da ya bambanta ta da su shi ne miliyoyin masu kallo da kuɗin tallan da suke tafe da su.

Abokin hamayyar da ya iya sauke ta daga matsayi na ɗaya ba wani mai barkwanci ba ne, gasar kacici-kacici ce. A watan Yunin 1955 CBS ya fara The $64,000 Question, wanda kamfanin kayan kwalliya na Revlon ya ɗauki nauyi. Ana kulle mai gasa a wani ƙaramin ɗaki na gilashi, ana ninka masa kuɗi da kowace amsa daidai, jama'a kuma suna jira mako zuwa mako su ga ko zai ci gaba ko zai karɓi abin da ya samu ya tafi. A zangon 1955 zuwa 1956 wannan gasa ta zo ta ɗaya, I Love Lucy ya koma na biyu bayan shekara uku yana kan gaba. Sauran tashoshi suka yi rububin ƙirƙiro irinta, ciki har da Twenty-One na gidan NBC, inda wani malamin Jami'ar Columbia, Charles Van Doren, ya lashe dala 129,000 ya zama gwarzon ƙasa. Daga 1958 asiri ya fara tonuwa cewa masu shirya wasu daga cikin gasannin suna ba waɗanda suke so amsoshi tun kafin a hau dandali. A Nuwamban 1959 Van Doren ya amsa laifinsa a gaban kwamitin majalisa, a 1960 kuma aka yi dokar da ta haramta maguɗi a irin waɗannan shirye-shirye. Wani abin ban sha'awa shi ne tun a 1952 marubutan I Love Lucy suka yi wani kashi inda Lucy ta sace amsoshin wata gasar rediyo ta haddace, sai aka sauya tambayoyin a ƙurarren lokaci, ta riƙa ba da amsar da ba ta da alaƙa da abin da aka tambaya.

Shirin nata ya ƙwato matsayinsa a zangon 1956 zuwa 1957, kuma yana kan gaba aka rufe shi a watan Mayun 1957 bayan kashi 180. Gasannin manyan kuɗi sun mutu da abin kunyarsu, amma wasannin da ba kuɗi ne jigonsu ba sun rayu, kuma a cikinsu ne Amurkawa suka riƙa ganin Lucille ta ainihi. Ta fito fiye da sau ɗaya a What's My Line?, inda ake ɗaure wa alƙalai idanu su gano baƙo ta hanyar tambayoyi, ita kuma tana sauya murya don ta ɓatar da su. Wanda ta fi so shi ne Password, wanda Allen Ludden ya fara gabatarwa a 1961: ana haɗa tauraro da mutum na gari, ɗaya ya san kalmar sirri, ya riƙa ba ɗan uwansa alama da kalma ɗaya tak har ya canka. A nan babu rubutun marubuta, babu gwaji. Abin da ya bayyana shi ne mace mai kaifin tunani, mai murya kaushi saboda sigari, wadda take ɗaukar wasa da muhimmanci kuma ba ta son a kayar da ita. Ta zo da 'ya'yanta a wasu lokuta, ta kuma ci gaba da halartar sababbin nau'o'in shirin har cikin shekarun 1980.

A 1957 Desilu ya sayi filayen ɗaukar fim na RKO, wato kamfanin da ya taɓa biyan ta albashin ƙaramar 'yar wasa. Amma yayin da kamfani yake bunƙasa, aure yana rushewa. Nauyin aiki ya ƙara tura Desi cikin giya da caca da neman mata. Sun ci gaba da fitowa a matsayin mata da miji a shirye-shirye na musamman guda goma sha uku masu tsawon awa ɗaya, har zuwa 1960 da kotu ta raba auren. Shirin da ta dage a yi domin ceto aurenta ya ba ta suna da dukiya, bai ceci auren ba. A 1961 ta auri wani mai barkwanci, Gary Morton, wanda ta zauna da shi har mutuwarta.

A 1962 ta sayi hannun jarin Desi, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya fina-finai da shirye-shiryen talabijin a Hollywood. Ba ta so kujerar ba, ta fi jin daɗin dandali, inda a wannan shekara ta dawo da The Lucy Show tare da Vivian Vance. Duk da haka a ƙarƙashinta ne Desilu ya ɗauki kasadar shirya Star Trek da Mission: Impossible, waɗanda aka fara nunawa a 1966, alhali wasu daga cikin daraktocin kamfanin suna gargaɗin cewa tsadarsu za ta iya durƙusar da shi. Gargaɗin yana da tushe, domin kuɗin shirya su ya fi abin da tashoshi suke biya. A 1967 ta sayar da Desilu ga Gulf and Western a kan dala miliyan 17, aka haɗe shi da Paramount, wanda ya ci gajiyar waɗannan shirye-shirye biyu shekaru da dama bayan haka.

Daga 1968 zuwa 1974 ta yi Here's Lucy tare da 'ya'yanta biyu. Bayan nan tauraruwarta ta fara dusashewa. Fim ɗin waƙa na Mame a 1974 ya sha suka. A 1985 ta fito a matsayin tsohuwa mara matsuguni a Stone Pillow, aikin da ya jigata lafiyarta. A 1986, tana da shekara 75, gidan ABC ya dawo da ita a Life with Lucy, tana hawa tsani tana faɗuwa kamar da. Masu kallo ba su yi dariya ba, tsoro suka ji kada ta karye. An dakatar da shirin bayan nuna kashi takwas, abin da ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta ɗauka jama'a sun daina son ta. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Disamba, sankarar huhu ta kashe Desi Arnaz, wanda ba su daina zumunci ba duk da rabuwar. Kwana biyar bayan rasuwarsa aka karrama ta a Cibiyar Kennedy da ke Washington, aka karanta saƙon yabon da ya rubuta mata kafin ya cika.

Fitowarta ta ƙarshe a bainar jama'a ita ce a bikin kyautar Oscar na watan Maris 1989, inda ta hau dandali tare da Bob Hope, mahalarta suka miƙe tsaye suna tafi. A watan Afrilu aka yi mata tiyatar zuciya a Los Angeles, ta fara samun sauƙi, sai babbar jijiyar jini ta fashe da asubahin ranar 26 ga watan, ta mutu tana da shekara 77. A wannan shekara Shugaba George Bush babba ya ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka. An fara ajiye tokar gawarta a Los Angeles, amma a 2002 'ya'yanta suka mayar da ita maƙabartar Lake View da ke Jamestown, inda kabarin mahaifinta Henry yake.